Riguna Biyar na Wani Abokinsa

Kafin in ɗora daga inda na tsaya, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙasan labarin makon jiya cewa, "Anti, girman kai ne ke damunki." Na gode, 'yar uwa. Gwaggona ta riga ki faɗa, ita har da nuna ni da cokali.

Waɗanda yau suka fara karantawa kuwa, ga ni a taƙaice. Shekaruna ashirin da tara. Na yi digiri a kan sinadarai, aikin ofis bai zo ba, na buɗe shagon buga zane a jikin riguna. Ina da inji ɗaya, fanka ɗaya, manemi ɗaya. A cikin ukun, fankar ce kaɗai take yin abin da na ce.

Manemin shi ne Manaja. A gidanmu in ka kira sunansa na gaskiya sai an tambaye ka wa kake nufi. Manajan reshe ne a wani kamfanin fenti. Gwaggo ce ta samo shi, kuma wata takwas ke nan tana yawo da shi a baki kamar ita ta haife shi. Ba mummuna ba ne, ba shi da mugun hali, ba ya ɗaga murya. Matsalarsa guda ce: duk abin da zai faɗa sai ya mayar da shi zaman taro. Ga saƙon da na tashi da shi ranar Litinin, ban canja ko harafi ba:

"Barka da safiya. Na ɗaya, ina fatan kin tashi lafiya. Na biyu, zan zo ranar Lahadi ƙarfe huɗu. Na uku, ina ƙaunarki. Na gode."

Na uku fa, jama'a. Bayan jadawalin ziyara.

Sannan ga rigunansa. Kamfani ya ba shi folo guda biyar, wato rigar nan mai kwala da maɓalli uku. Litinin shuɗiya, Talata ruwan toka, Laraba ruwan ƙasa, Alhamis koriya, Juma'a fara. In kalandarka ta ɓata, ka leƙa Manaja. A ƙirjin hagu akwai tambarin kamfani, bokiti da buroshi, ƙarƙashinsa an rubuta muƙaminsa don kada wani ya yi kuskuren ɗaukarsa mutum kawai. Jan biro kuma kullum yana maƙale tsakanin maɓalli na biyu da na uku. Ko ranar Lahadi da yake zuwa gidanmu, ta Litinin yake sawa.

To, ranar Litinin ɗin ina ɗaura ɗankwali a gaban madubin falo, wanda ya tsage a kusurwa tun ina firamare, Gwaggo ta yi sallama. Ƙanwar Abba ce. Gidanta na can ƙarshen gari, amma bakwai da rabi ta iso, da jakarta mai zif uku a hammata.

"Gwaggo, ina kwana."

"Lafiya lau, tunda ba ni ce na kusa talatin ba."

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu a gefen zaninta. Na lura ba ta yi mamakin ganin baƙuwar ba, shayi ma kofi huɗu ta haɗa. An shirya mini, ke nan.

"Jiya na ga mahaifiyarsa," in ji Gwaggo. "Kunya ta hana ni ɗaga ido. Yaro mai aiki, mai mota, mai ofis da na'urar sanyi. Ke kina can kina gasa kanki a gaban inji kamar mai gidan burodi."

"Motar kamfani ce, Gwaggo."

"Kamfanin ya ba ki taki?"

Abba yana kujerarsa ta kusa da taga, rediyo a cinya. Shi Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Gwaggo, duk da uwar tasu ɗaya ce, "ke" take ce mini. Ya rage muryar rediyon, wanda a gidanmu daidai yake da buga tebur.

"Uwata, ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Amma a ajiye ɗan mutane wata takwas, ba e ba a'a, wannan ba halin gidan nan ba ne. Ranar Asabar bayan la'asar ki ba ni amsa."

Amsa ina da ita tuntuni, a'a ce. Dalili ne babu. A gidanmu kuwa a'a ba ta wucewa sai da takardunta. In na ce ba na sonsa, Umma ta ce so a zama yake zuwa. In na ce yana gundurata, Gwaggo ta ce mijinta shekara talatin yana gundurarta, ga ta nan da ƙiba. Na fita ina roƙon Allah Ya ba ni dalili guda ɗaya mai nauyi kafin Asabar. Ku dinga lura da abin da kuke roƙo.

Shagona ɗaki ne ɗaya a layin shaguna, tsakanin mai gyaran waya da Anti Tela. Tebur, injin matsewa, injin yanka robar zane, kanta cike da riguna, da kujerar roba ɗaya ta baƙi wadda ƙafarta ta baya ke neman ritaya. Ranar Talata wajen sha ɗaya na safe ina tsakiyar aikin wata makaranta, na ji sallama a bakin ƙofa.

Manaja ne. Ranar aiki, lokacin aiki. Babu mota. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, ba ruwan toka ce a jikinsa ba, wata farar shat ce mai dogon hannu da har yanzu layin ninki ke kwance a ƙirjinta. Na kalli kalandar bango don in tabbatar Talata ce.

"Yallaɓai, lafiya? An ba da hutu ne?"

"Na ɗan fito ne. Na ɗaya, barka da aiki."

"Yauwa. Na biyu fa?"

Ya ɗora wata baƙar leda a kan tebur. "Aiki na kawo. Na wani abokina ne."

Na zazzage ledar. Folo guda biyar. Shuɗiya, ruwan toka, ruwan ƙasa, koriya, fara.

Na ɗago na kalle shi. Yana karanta jadawalin zafin inji da na manna a bango, kamar gobe za a yi masa jarrabawa a kai.

Na baza shuɗiyar. A ƙirjin hagu an ɓamɓare tambari, kuma ba mai sana'a ba ne ya ɓamɓare. Dutsen guga aka ɗora a gida aka danna, robar ta yi laushi, aka bi ta da wuƙa ko farce. Robar ta fita, amma gam ɗin ya zauna, ya bar inuwa mai sheƙi. Ko daga bakin ƙofa za ka ga siffar bokiti da buroshi. Dutsen gugar kuma ya hau kan maɓalli na uku ya narkar da shi, ya lanƙwashe kamar kunnen da aka murɗe. Duk biyar ɗin haka. Mutum ya ƙona maɓalli a riga ta farko, bai ɗauki darasi ba, ya bi sauran huɗun da irin wannan horon. Tsakanin maɓalli na biyu da na uku kuwa, a kowace riga, ga ɗigon jan tawada.

"Abokin naka," na ce, "me yake so a yi masa?"

"A rufe wurin. Ko da me. Kada dai a sa rubutu."

"Ya bar aikin ne?"

"Haka dai. Dokar wurin ce, in mutum ya tafi, ko ya mayar da rigunan ko ya cire tambarin."

"Me ya hana ya mayar?"

Ya kalli rigunan. "Ya saba da su."

Na ce ya dawo Alhamis. Ya yi godiya, ya manta bai kawo na uku ba, ya fita. Na leƙa ta taga na ga ya tsaya bakin titi yana jiran motar haya, yana kare fuska da hannu kamar wanda yau aka gabatar masa da rana.

Ko minti biyu ba a yi ba Anti Tela ta faɗo, tef a wuya, allura a baki. Bangon da ke tsakaninmu katako ne, don haka ba ta taɓa buƙatar a ba ta labari.

"Ƙanwata, abokin nan nasa kafaɗarsu ɗaya, ko?"

"Har turarensu ɗaya."

"Allah sarki. An sallame shi."

"Anti, ni ba wannan ne ya dame ni ba. Shagon buga riga nawa ne a garin nan? A layin nan kaɗai mu uku ne. Ya tsallake kowa ya kawo mini. Ni da na yi wata takwas ina kallon rigunan nan. Wawiya ya ɗauke ni?"

Ta cire allurar daga baki. "Ko kuma bakinsa ne ya kasa, ya aiko riguna su faɗa."

"To ni ba mai karanta wasiƙa a jikin riga ba ce."

"Ai kin riga kin karanta." Ta ɗaga koriyar ta duba maɓallin. "Kai, wannan ko gaba yake da maɓalli sai haka. Kawo in sauya miki su."

Sai da ta fita abin ya sauko mini sosai. Jama'a, dalili na roƙa, ga dalili an kawo mini har shago a cikin leda. Kalma huɗu kawai zan faɗa a falo: an kore shi aiki. Gwaggo da kanta za ta rufe maganar, ta ɗaure, ta kai bola. Ba mai cewa girman kai, ba mai cewa na kusa talatin. In fita fes, har a yaba mini da hankali.

Na yi murna? Na yi ƙoƙari. Na ma sayi lemo mai sanyi don in taya kaina. Rabi na sha na ajiye.

Da yamma na koma gida na tarar Gwaggo ba ta gaji ba, ta sake dawowa, wai ta zo karɓar wani faranti. Tana zaune a kan darduma tana yi wa Umma bayanin yadda ofishin Manaja yake, ofishin da ba ta taɓa shiga ba.

"Kujerarsa juyawa take. In ya danna ƙararrawa mutum uku ne ke shigowa."

Kalmomin nan huɗu suka taho har bakin haƙorana. Na buɗe baki. Umma ta ce, "Mene ne?"

"Akwai sauran ruwan zafi?"

Abin da na ce ke nan. Ku zage ni, na riga ku.

Ranar Laraba na ajiye aikin makaranta na hau kan rigunan. Bari in yi muku bayani kaɗan, don masu turo mini saƙo suna cewa ai danna inji kawai ne, ko yaro zai iya. Riga marar maɓalli, e, shimfiɗa ta ka danna. Folo ba haka take ba. Layin maɓallan nan ya fi ƙirjin rigar tudu. In ka shimfiɗa ta yadda take ka sauke farantin inji mai zafin digiri ɗari da hamsin, kan maɓallai zai fara sauka. Su narke ko su fashe, zanen kuma da ke gefe bai samu matsi ba, wanki biyu ya fara ɗagowa. Don haka sai ka ɓalle maɓallan, ka zura wani ɗan matashi da ba ya ƙonewa ta cikin rigar, daidai ƙarƙashin inda zanen zai zauna, wurin ya ɗago ya fi maɓallan tsawo. Kwalar da layin maɓallan ka bar su su zubo ta gefen faranti, inda zafi ba ya kai. Ka fara danna wurin sakan biyar ba komai, danshi ya fita. Sannan ka auna, yatsu huɗu daga layin maɓalli. Ka ɗora zane, ka rufe da takardar kariya, sakan goma sha biyar. In ka ƙara, rigar ta yi tabo mai kusurwa huɗu da ba ya fita har abada.

Na Manaja kuma sun fi haka wuya, don sabon zane ba ya kama tsohon gam. Sai da na juya kowace riga, na jiƙa bayan wurin da sinadarin narkar da gam, na bi da tsohon buroshin haƙori a hankali don kada saƙar ta tashi. Digirina na shekara huɗu, ga inda ya yi rana. Wari ya cika shagon har mai gyaran waya ya leƙo ya tambaya ko gobara ce.

Ina gogewa ina masifa ni kaɗai. Wa ya ce ka danna dutsen guga a kan maɓalli? Wa ya ce ka kankare da wuƙa? Mutum ya iya tsara jadawalin ma'aikata ashirin, bai iya tambaya ba? A kan farar na ga inda wuƙar ta zame ta ɗan huda rigar, sai hoton abin ya zo mini ba tare da na gayyace shi ba: ƙato guda a ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya durƙusa a gaban teburin guga yana kankare muƙaminsa harafi bayan harafi. Na ajiye buroshin na fita na sha iska. Warin sinadarin ne, ba wani abu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda na zage a kan aikin. Da zan iya yanko kowace irin roba in manna in huta. A'a. Sai da na zana wata 'yar siffa mai sauƙi, kamar ganye biyu a haɗe, ta ɗan fi tabon faɗi, na zaɓa wa kowace riga launin da ya ɗan fi nata duhu, yadda in ka gani za ka rantse da shi aka saƙa ta. Na gwada a kan tsumma sau uku. Da na gama goge gam ɗin na miƙa wa Anti Tela rigunan, ta dawo da su da sababbin maɓallai, ta tsaya tana kallona ina auna yatsu huɗu a karo na biyu.

"Na makarantar nan ma haka kike auna musu?"

"Aiki ne, Anti. Sunan shagona ne a kai."

"Ai na gani. Har harshe kike fitarwa."

Da rana saƙonsa ya shigo. "Barka da rana. Ina fatan aikin bai ba ki wahala ba." Babu na ɗaya, babu na biyu. Na juya wayar na duba ko tawa ce.

Alhamis ƙarfe goma ya zo, cikin farar shat ɗin nan dai, an wanke an goge. Na jera masa rigunan a kan tebur. Ya ɗauki shuɗiyar ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya shafa wurin da babban yatsa, ya juya ta, ya sake shafawa. Ya daɗe.

"Abokina zai ji daɗi ƙwarai," ya ce.

A nan haƙurina ya ƙare. Yini guda cur ina shaƙar sinadari saboda wannan abokin.

"Yallaɓai, sati nawa?"

"Na'am?"

"Sati nawa da sallamarka?"

Ya zauna a kan kujerar roba. Ƙafar bayan ta yi ƙara, na ce yau za ta kai shi ƙasa, amma ta daure.

"Uku," ya ce. "Sun haɗe reshenmu da wani. Manaja ɗaya suke buƙata."

"Sati uku kana ina da safe?"

"Ina fita ƙarfe bakwai kamar kullum. In kai takardu wurare. In sun ƙare in zauna a ɗakin karatu har la'asar. Mahaifiyata ba ta sani ba."

"Ranar Lahadi da ka zo gidanmu da shuɗiyar nan fa, da tambarinta?"

"Ranar ce ta ƙarshe. Da na koma na kasa ci gaba da sa ta."

"Shi ne ka hau ta da wuƙa."

"Cokali ne."

"Cokali!"

"Wuƙar ta huda farar, sai na koma cokali."

Wallahi ban yi niyya ba, dariya ta ƙwace mini. Shi ma ya yi, 'yar gajeriya. Wata takwas, ban taɓa sanin yana da wushirya ba.

Sai ya nutsu ya ce, "Za ki faɗa a gida?"

"Ban sani ba."

"In kin faɗa ba zan ga laifinki ba. Kin huta da ni. Na san tun farko ba kya so."

"Ka sani? To me ya sa kake ta zuwa?"

Ya ninke shuɗiyar yadda ake ninkewa a kanti, hannu ciki, kwala sama. "Ranar farko da na zo shagon nan na tarar kina yi wa wani mutum faɗa don ya ce ki buga masa zane a karkace, wai sauri yake. Kika ce ya kai wani wuri. Ni shekara tara ina cewa to ga duk abin da aka ce mini. Na koma ofis ranar ina ta tunaninki. Ban san yadda ake faɗar irin wannan ba, shi ya sa nake jerawa."

Na ce masa kada a wanke rigunan sai bayan kwana ɗaya, a juya su kafin a goge, kuma in na sake jin dutsen guga ya kusanci maɓalli, ni da shi ne. Abin da ya zo bakina ke nan. Mutum ya buɗe maka cikinsa, kai kuma ka ba shi dokokin wanki. Ya ce to, ya ɗauki ledarsa ya tafi.

Ta bayan katako muryar Anti Tela ta taso. "Ƙanwata, Allah Ya shirye ki."

Ranar Juma'a na rufe shago da wuri, na taho gida ina lissafin cewa saura kwana ɗaya, kuma har yanzu ban san me zan ce wa Abba ba. Tun daga ƙofa na ga takalman Gwaggo, ɗaya a nan ɗaya a can, alamar da gudu aka shigo.

Na shiga falo. Rediyon Abba a kashe. Umma ta yi tagumi. Gwaggo ce kaɗai ke tsaye, mayafi ya zame zuwa kafaɗa.

"Ke, zo ki gode wa Allah! Ya tsamo ki!"

"Daga ina?"

"Yaron nan ashe zaman banza yake! Sati uku! Ba aiki, ba mota, ba komai. Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba. Idonsa ya cika tsayawa wuri ɗaya."

Na kalli Umma. Umma ta kalli labule.

Abba ya ce, "Da safe ya zo, bayan kin fita. Ya zauna nan ya faɗa mini komai da bakinsa. Ya ce ba zai yarda ki ba da amsa a kan abin da babu shi ba. Ya ce ya janye, a ba ki haƙurin wata takwas da ya ɗaukar miki."

"Da wata koriyar riga ya zo," in ji Umma a hankali. "Mai kyau. Ta Alhamis, a ranar Juma'a kuma."

"Riga za a ci?" Gwaggo ta zauna ta zuge zif na biyu ta ciro waya. "Ku bar wannan. Akwai wani mai kantin magani, ɗan ƙawata, shagonsa biyu. Shi ba mai korarsa, nasa ne. Ke, matso ki ga hoto."

Jama'a, ga abin da na roƙa ya samu. Ban faɗi kalma ɗaya ba, ban ɓata da kowa ba, an buɗe mini ƙofa an share mini hanya. Kamata ya yi in shiga ɗaki in taka rawa. Amma wani abu ne ya taso mini tun daga tafin ƙafa, mai zafin da ya fi na injina. Wata takwas ana ce mini ki so shi. Yau an ce ki bar shi. Shi ma gogan, da na ɗauka ya fara zama mutum, ya zo ya zauna a falonmu ya yanke hukunci a kaina ya tafi, ko saƙo babu. Kowa ya yi magana a kan aurena, har labule an kalla, ni kaɗai ce ba a tambaya ba.

Gwaggo ta turo mini wayar a fuska. Wani mutum ne mai gashin baki ya jingina da kanta.

"Ni ban ce na fasa ba."

Na waiga don in ga wa ya yi maganar. Ni ce.

Gwaggo ta sauke wayar a hankali. "Me kika ce?"

"Shi ya janye. Ni ban ce komai ba tukuna. Abba Asabar ya ce."

"Innalillahi! Yaya, ka ji 'yarka? Da yana da kujera mai juyawa ta ce gundura, yau da yake yawo a ƙasa ta ce ba ta fasa ba! Wallahi hayaƙin injin nan ya taɓa ta."

Abba ya kalle ni. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya danne.

"To, Uwata, ba ni za ki faɗa wa ba. Wanda ya janye za ki faɗa wa. Kira shi."

Na ciro waya a gabansu, na danna lambarsa. Na riga na shirya abin da zan fara da shi, kuma ba gaisuwa ba ce. Sai wata mata mai sanyin murya ta sanar da ni cewa wannan lamba ba ta aiki. Na sake kira. Ta sake faɗa, ba ta ko gaji ba.

"Af," in ji Abba. "Ya ce layin na kamfani ne. Yau za su rufe shi."

Na tsaya da waya a kunne. Wata lamba? Ban taɓa tambaya ba. Gidansu? Wata takwas mutum yana zuwa inda nake, ban taɓa cewa daga wace unguwa yake fitowa ba, don ban ga amfanin sani ba. Ofis kuwa babu. Na kalli Abba, ya girgiza kai. Na kalli Umma, ta ce ita a bakin mutane kawai ta san mahaifiyarsa.

Mutum ɗaya ce a duniyar nan ta san ƙofar gidan. Duk muka juya gare ta.

Gwaggo ta mayar da wayarta cikin jaka. Ta zuge zif na farko, ta zuge na biyu, ta zuge na uku. Ta gyara mayafi, ta ɗora jakar a cinya ta rungume.

"Ni?" ta ce. "Tsufa ya zo. Na manta hanya."